Aron Jariri Ranar Kirsimeti

A cocin su Tela, duk shekara jaririn da aka haifa ƙarshe shi ake kwantarwa a komin dabbobi idan yara za su yi wasan Kirsimeti. Bana ɗanta ne ya kamata. Tun tana da ciki mata ke tsokanarta, "A lallaɓa mana ɗan wasanmu fa." Ta haife shi lafiya, ya yi 'yan makonni, zazzaɓi ya kama shi. Ta yi addu'a har muryarta ta dushe, amma yaro ya tafi. Tun ranar ba ta ƙara taka cocin ba. Ba ta ce babu Allah ba, magana dai ta daina yi masa, yadda ake yi da maƙwabcin da ya ga gobara a ɗakinka ya ci gaba da shararsa.

Tana zaune a shago tana ɗinka rigunan mala'iku, don aiki bai san makoki ba, sai ga Mama, shugabar matan coci. Mace ce mai kirki, sai dai bakinta kan riga hankalinta isa wuri.

"'Yata, komi babu kowa bana," in ji Mama. "Matar direban nan ta gidanku tana da ɗa. Tun da ta yi aure ta bar zuwa sujada. Ki gayyato mana ita, mu jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya."

Ka ji fa. Duk matan cocin nan a rasa wadda za a aika aron jariri sai wadda ta binne nata.

"Mama, ni da ban zuwa, wa zan gayyata?"

"Shi ya sa na ce ke," in ji Mama, ta kwashi rigunan da aka gama ta fita.

Ɗakin matar direba yana kallon na Tela, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Sati guda suka haihu. Tun da aka yi rasuwar, yarinyar nan ta daina shanya kayan jariri a igiya, sai a bayan ɗaki. In ta ji motsin Tela sai ta shige da ɗan ciki, in ya yi kuka ta ƙara ƙarar rediyo. Tausayi ne, Tela ta sani. Amma tausayin nan ya fi zagi ciwo.

Da yamma ta tsaya a bakin ƙofar ta yi sallama. Matar direba ta yi wuf ta ja zane ta rufe yaron.

"Bar shi, ƙanwata. Ba mayya ba ce ni."

"Haba Yaya, ba haka ba ne."

Tela ta faɗi saƙon idonta a ƙasa, kamar mai karanta talla. Sai matar direba ta ce, "Yaya, in tambaye ki, kar ki ji haushi. Kin yi ta roƙo, ina jin ki ta bango. Har yanzu kin yarda Allah yana ji?"

A da, Tela tana da amsar wannan har da aya.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. An dai ce in gayyace ki, ga shi na gayyata."

"To zan zo," in ji matar direba. "Amma ban san kowa a can ba, ba zan miƙa ɗana ga baƙin hannu ba. Ke za ki kai shi gaba."

Ranar Kirsimeti coci ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Yara makiyaya suna ta zungurin juna da sanduna, wani mala'ika fiffikensa ɗaya ya karkace. Aka fara waƙa, matar direba ta ɗora wa Tela yaron a hannu. Nauyin ne ya fara dukanta, don hannunta bai manta ba. Ga ɗumi, ga warin nono a wuyansa. Ta bi tsakiyar kujeru a hankali, mutane na sunkuyar da kai don kar su haɗa ido da ita.

Ta isa gaba ta duba komin. Sabon katako ne, an goge shi sumul, an shimfiɗa farin ƙyalle a ciki. Kafintan coci ne ya yi, shi ne kuma ya yi ɗan akwatin gawar da aka sa ɗanta a ciki. Tsawo ɗaya, ƙusa iri ɗaya. Bawan Allah bai yi da nufi ba, awon jariri ɗaya ya sani.

Ta sunkuya, hannunta ya ƙi saki. Waƙa ta ƙare, mai jita ya sake ɗauko ta daga farko. Yarinyar da ke wasan uwar Yesu ta miƙo hannu tana raɗa, "Anti, ki ajiye shi." Mama ta yunƙura za ta tashi, Fasto ya girgiza mata kai.

"Ba zan sa shi a ciki ba," in ji Tela. Ba da yarinyar take ba. Kanta a sama yake, kuma maganar farko ke nan da ta yi wa Allah tun ranar rasuwar. "Na ba ka ɗaya. Wannan ba zan sa shi ba."

Matar direba ta taso ta tsaya a gefenta, ta dafa mata baya. "Riƙe shi, Yaya. Ba dole sai ya kwanta ba."

Haka aka yi wasan, komi babu kowa. Makiyaya suka rasa inda za su durƙusa, sai suka durƙusa a gaban Tela, tana tsaye tana jijjiga ɗan wata, hawaye na sauka a kan hularsa.

Da aka tashi yaron ya fara kukan yunwa, yana goga baki a ƙirjinta. Ruwan nononta ya zubo, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Matar direba ta gani, ta kau da ido, ta tsaya tana jira. Tela ta gyara masa hula, ta share masa baki da gefen zaninta, ta miƙa shi ga uwarsa.