Sunan Ɗiyar Fari

Shekarar da wani kamfanin turawa ya zo gina madatsar ruwa kusa da Ibohamane, matan gari ne suka riƙa ɗaukar duwatsu, don mazan duk sun tafi bida, wato cin rani, a Abijan. Mairamu na cikinsu. A bayan gidajen turawan akwai wani kwamin siminti mai zurfi da suke wanka a ciki, suna ce mishi fisin. An kewaye shi da waya, amma awaki sun daɗe da huda ta, ba wanda ya gyara, yara kuwa ta nan suke sulalewa in rana ta yi zafi.

Ran wata Talata aka zubar da ruwan za a wanke kwamin. Abin da ya rage bai kai gwiwa ba, ga shi kore shar, ba a ganin ƙasa. Zali, ɗiyar Mairamu, ƴar shekara tara, ta zo da gudu ta yi tsalle kamar kullum. Ƙashin cinyarta ya karye har ya huda fata.

Tanimu maɗori ya duba sau ɗaya ya janye hannu.

"Wagga ba tawa ba ce. In ba a kai ta likita Tawa yau ba, ƙafar ruɓewa za ta yi, sai yankewa."

Mota ɗaya ce ke zuwa Tawa ranar, ta kamfanin, kuma da azahar take tashi. Aka ɗauko yarinyar a kan kyauren ƙofa, aka ajiye ta a inuwar biro, wato ofishin kamfanin. Mata suka bar duwatsu suka biyo.

To, Zali ɗiyar fari ce. Tun yaye Gogo, uwar mijin Mairamu, ta ɗauke ta. Shekara tara Mairamu ba ta taɓa faɗin sunanta ba, sai "waccan", sai "ɗiyar Gogo". Ko sunan wata Zali ta daban ba ta faɗi. Haka aka raine ta, haka uwarta ta yi mata. Shi ya sa ko yau Gogo ce ke riƙe da kan yarinyar, Mairamu kuwa tana tsaye nesa kaɗan, ta juya baya, ta kafe ƙasa da ido.

Baturen da ke shugabantar aikin ya fito tare da Alƙasim, magatakardansa, wanda ke juya magana. Gogo ba ta jira gaisuwa ba.

"Gaya mishi raminshi ne, wayarshi ce ta huje. Shi kai ta likita, shi ɗauki nauyin magani har ta taka."

Alƙasim ya juya, ya saurara, ya dawo.

"Ya yarda, Inna. Amma akwai takarda, uba ko uwa kaɗai ke sa hannu."

"Uban na Abijan. Ga uwar can."

Baturen ya daɗe yana duban Mairamu, sannan ya yi magana, yana girgiza kai. Alƙasim ya sunkuyar da nasa.

"Mi yac ce?" in ji Gogo.

"Ya ce bai yarda ita ce ba. Wai uwa ba ta juya ma ɗiyarta baya tana jini. Ya ce an taɓa kawo mishi uwar aro."

"Uwar aro," in ji Zahra, abokiyar aikin Mairamu. "Shi wa ya ara mishi tashi?"

Ba wanda ya yi dariya.

Alƙasim ya ce ma Gogo, "Na yi mishi bayanin kunya, Inna, bai gane ba. Ya ce in ɗiyarta ce, ta zo ta faɗi sunanta da bakinta."

Gogo ta ce, "Zali. Rubuta."

"Ba ke ba, Inna."

Direba ya tada mota, ya sauko yana ɗaure tamfol a baya. Inuwar biro ta janye har rana ta fara taɓa ƙafafun yarinyar, ƙudaje na taruwa kan zanen da aka ɗaure cinyar. Baturen ya dubi agogonsa.

Mairamu ta matso, ta tsaya gaban teburin da aka fito da shi. Ga uwar mijinta a nan, ga matan unguwa sun fi talatin.

"Malam, ɗiyar Gogo ce. Ni na haife ta."

"Sunan, yaya. Kalma ɗaya."

Mairamu ta ɗaga kai. Ta dubi Gogo. Tsohuwar nan da ta sha yabon kunyar surukarta a gidan biki, sai ta ja mayafi ta rufe kunnuwanta duka biyu, ta juya fuska ga bango.

"Ni dai kurma ce yau," ta ce.

Zahra ta juya ita ma. Ɗaya bayan ɗaya matan suka ba da baya.

Mairamu ta ce, can ƙasa, "Zali."

Alƙasim ya ɗaga alƙalami. Kafin ya rubuta, daga kan kyauren aka ji wata siririyar murya.

"Na'am."

Yarinyar da tun da aka ɗauko ta ba ta buɗe ido ba ta ɗago kai tana neman wanda ya kira ta. Mairamu ba ta san sa'ad da ta isa wurin ba. Ta durƙusa, ta kore ƙudajen, ta sake faɗin sunan, wannan karon da ƙarfi.

Baturen bai ƙara tambayar kome ba. Shi da kansa ya kawo takardar da tawada har inda take durƙushe, ta danna yatsa.

Da aka ɗora kyauren a bayan mota, Gogo ta sa ƙafa za ta hau, sai ta fasa. Ta kwance gorar ruwa ta miƙa ma Mairamu.

"Hau, ɗiyata. Can Tawa ma za su tambaye ki, ni kuwa kunnena bai warke ba."