Lambar Baba

"Ga shi nan, ya sake shigowa," in ji mai rajista, tana nuna allon kwamfuta daga nesa kamar zai cije ta.

Injiniya ta duba. A jerin kwamfutocin asibitin, sunan mahaifinta na nan da koren ɗigo a gefensa, alamar yana kan layi. Kwana talatin ke nan da binne shi. Kwamfutarsa kuwa tana kulle a kabad, ko batir babu a jikinta.

"Ni fa na daina zama ni kaɗai a ofishin nan," mai rajista ta ce. "Kullum ƙarfe takwas daidai, lokacin zuwansa. Jiya wallahi har tarinsa na ji."

Injiniya ta san dalili. Baba ne ya shimfiɗa layukan sadarwar asibitin, ita ta gaje shi. Ranar da aka kawo sabuwar kwamfutar ɗakin gwajin jini, ta kwafe fayil ɗin saitin layi daga tasa don sauri, ta manta ba ta canza lambar shaidar da ke ciki ba, doguwar lambar nan da allon ke gane kowane haɗi da ita. Sau nawa ya ja mata kunne: suna a yi takwara, lamba kuwa kowa da tasa. Shi ya sa duk safiya in mai gwaji ya kunna na'urarsa, sai allon ya ce Baba ne ya iso.

Gyaran minti ɗaya ne, amma mako uku tana cewa gobe. Maganar gaskiya, kewarsa take, kuma ɗigon nan na rage mata zafi.

Likita ya banko ƙofa ko sallama babu. "Ina sakamakon matar gado na shida? Na'ura ta riƙe shi, wai ba ta ga ɗakin gwaji a kan layi ba. Jini za mu ƙara mata!"

"Yanzu, likita."

Injiniya ta buɗe fayil ɗin. Ta goge lambar, ta sa sabuwa. Ɗakin gwaji ya fito da koren ɗigonsa, na Baba ya dushe. A ƙarƙashin sunansa allon ya rubuta: ganin ƙarshe, yau, goma da minti arba'in.

"Ya tafi?" mai rajista ta tambaya cikin raɗa.

"Ya tafi," in ji Injiniya. Ta jawo kujerar Baba ta zauna. Kukan da ya ƙi zuwa ranar jana'iza, sai yanzu ya zo.