Abin da Aka Rubuta Kusa da Yasen

...to ina za ta sa ta? Babu wuri. Iskra tana tsaye gaban allon sanarwa na bakin ƙofar kwaleji, murfin gilashin a buɗe, ƙananan ƙusoshi a tsakanin leɓɓanta, takarda ɗaya tak ta rage a hannu. Sauran duk sun sami masauki. Kuɗin makaranta can sama. Yawan waɗanda suka gama da waɗanda suka tsere a hanya. Yawan waɗanda suka sami aiki bayan sun fita — wannan kam, wanda ya rubuta ta ma da ƙyar in ya yarda da ita. Doka ce. Duk shekara sai an liƙa su inda ɗalibi da uban ɗalibi da mai wucewa za su gani, kafin Fabrairu ya ƙare, gobe kuma masu duba makarantu za su iso daga babban birni. Saura ta tsaron lafiyar ɗalibai. Wurin da ya rage mata kuwa, ɗalibin nan Yasen ne a ciki.

Ba shi ba... fuskarsa. Takardar rasuwarsa, da baƙin layi kewaye da ita, da ɗan gicciye a sama. Yana murmushi, gashi ya tashi ta gefe guda kamar yanzu ya farka. Yau shekara ɗaya.

Sanyi yana shigowa ta takalmin hagu. Ya kamata ta kai wa mai gyara, tun kaka take cewa za ta kai... Wake fa — ta jiƙa waken kuwa kafin ta fito?

Ba a yage takardar mamaci. Wa bai san wannan ba? Duk garin nan, daga tashar bas har bakin kogin Danube, ko'ina ka juya matattu ne ke kallonka, a jikin bishiya, a turken lantarki, a ƙofar gidan burodi. Ba mai sa hannu ya cire. Aikin ruwan sama ne, da rana, da iska. Su ke ɗauke mutum a hankali, yau hancin ya dushe, gobe sunan, wata rana ka wuce ka tarar sai guntun gam a jikin itace. Haka aka yi da ta mahaifiyarta a bishiyar gaban gidansu. Kullum tana wucewa, kullum tsohuwar tana ƙara nisa, har ranar da ta duba ba kowa. Ta tsaya da jakar cefane a hannu, ta ji ƙirjinta ya saki. Ba wanda ya kore ta, ita ta tafi da kanta.

Wannan kuwa ina zai tafi? Gilashi ya tsare shi. Ruwa bai taɓa shi ba, rana ba ta ci shi ba. Sabo fil, kamar jiya aka buga.

Kuma ita ta sa shi. Wa ya aike ta? Ruwa ake yi ranar, irin wanda ke haɗe da ƙanƙara, ga Stanka, uwar yaron, ta taso tun daga ƙauye cikin baƙaƙen kaya tana fama da ƙofar ƙarfe — ta manna, ta faɗo, ta manna, ta faɗo. Takardar ta fara jiƙewa ta wajen goshinsa, matar tana goge shi da hannun riga. Kawo nan, 'yar'uwa. Abin da Iskra ta ce ke nan. Makulli yana aljihunta, ta buɗe, ta kafe shi da ƙusa huɗu, ta rufe. Minti nawa aka yi? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Da safen nan Farfesa Chakarov, mataimakin shugaba, ya leƙo ofishinta da kofin gahawa a hannu. "Iskra, mutuniyata, allon nan fa na doka ne, ba maƙabarta ba. Yaron nan ya fi rabin malamanmu zuwa aiki, kullum yana bakin ƙofa!" Ya yi dariya, dariyar ta maƙale masa, ya kurɓi gahawa. "Ki cire shi a hankali, ki sa a ambulan, ki ba uwar." Ta tura masa makullin a kan tebur. "Ga shi, ranka ya daɗe, ai hannunka ya fi nawa tsawo." Ya ja da baya sai ka ce garwashi ta miƙo masa. "Ni? So kike uwata ta taso daga kabari ta wanka mini mari? Ke kika ɗaura, ke za ki kwance." Mutum mai digiri uku, mai cewa shi bai yarda da camfi ba. Ya tafi da gahawarsa, makullin yana nan inda ta ajiye.

Ƙusa tana sukar leɓenta. Ɗanɗanon ƙarfe... Tana jira ta ji wani abu. Haushi, ko tsoro, ko kunya ma a ce. Shiru. Ƙafarta kawai take ji.

Ta sake duba takardar hannunta, ko da yake ita ta buga ta, ta san ta kamar yunwar cikinta. Satar waya da kekuna, kaza. Gobara, babu. Rauni mai tsanani, ɗaya — yarinyar nan da ta zame a matakala ta karya hannu, ita ta sami layinta, har da kwanan wata. Mutuwa a harabar kwaleji a shekarar da ta gabata...

Babu.

Kuma ba ƙarya ba ce. Abin ke nan. Da ƙarya ce, da ta san inda za ta kama, ta yi ihu, ta yi murabus, ta zama jarumar mako guda a kantin gahawa. Amma gaskiya ce tsagwaronta. Gidan kwanan ɗalibai yana tsallaken titi — ga shi can, tana ganinsa ta cikin gilashin ba sai ta waiwaya ba, bene mai launin toka, taga ta uku an canza mata labule. Ginin ba na kwaleji ba ne, na wani kamfani ne, haya ake yi. Lauyan makaranta ya bayyana mata cikin ladabi, yana zana layi da yatsa a kan teburinta. Madam Iskra, doka ta tambaye mu abin da ya faru a ƙasarmu, ƙasarmu kuma a bakin kwalta ta ƙare. Ba mu ɓoye komai ba, abin da aka tambaya muka amsa. Haka ne. Murhun gas ɗin da ya yi yoyo yana hayin titi. Ɗakin yana hayin titi. Yaron ya kwanta a hayin titi, bai tashi ba. Da a nan gefen ya zame ya karya yatsa, da an rubuta shi.

"Anti Iskra, ofishin nan naki ya fi firji sanyi! Ki zo ɗakinmu ki sha ɗumi, kamar tanda yake." Yasen ke nan, bara, yana tsaye a tagarta yana cin banitsa, wainar fulawa mai cuku, mai yana ɗiga a kan takardar da ya kawo a buga masa tambari. Ta ce ya goge hannu, shashasha, nan ba gidan uwarsa ba ne. Ya goge a wando. Kamar tanda... Me yake karanta ne ma? Injinan jiragen ruwa? Ko wancan ne mai jan gashi? Sun yi yawa. Suna zuwa, suna wucewa, tambari ɗaya ake buga musu.

Yatsanta ya kai kan ƙusar sama ta hagu. Sanyi. In ta ja, shi ke nan, ƙusa huɗu ne kawai, ta cire dubunsu a rayuwarta. Jadawalin jarrabawa, sanarwar hutu, wanda ya ɓatar da laima... Ja mana. Me za a yi mata? Ƙasa za ta tsage? Yatsan yana nan, bai ja ba, bai sauka ba.

Stanka tana hanya. Jiya ta bugo waya, da an fito daga coci za ta biyo da dafaffiyar alkamar sadaka ta raba wa abokan karatunsa a bakin ƙofa, inda hotonsa yake. Inda hotonsa yake — haka ta ce. Duk wata sai ta hawo bas ta zo ta tsaya a nan, ta goge gilashin da hankici ta wajen fuskar, ta koma. Ba ta taɓa shigowa ciki ba. Ba ta kai ƙara ba, ba ta zagi kowa ba. Da ma ta zagi wani...

Da an bar shi a ƙofar ƙarfe, da tuni ruwan bazara ya sallame shi. Da matar nan ta zo wata rana ta tarar da guntun gam, ta yi kukanta, ta daina hawo bas. Taimako ne ta yi mata, ko ɗaure ta ta yi a bakin ƙofar nan?

Tana matsar da takardu. Kuɗin makaranta ya hau kan sunayen malamai, masu samun aiki sun lanƙwashe ta gefe, oho. Ɗan fili ya samu, bai kai faɗin tafin hannu biyu ba. Ta cusa takardar a ciki, gefenta ya hau kan baƙin layin, ya rufe kafaɗar Yasen da rabin kalmar da ke ƙasa, *mahaifiyarka*. Ƙusa. Ƙusa. Doka ta sami wurinta, mamaci yana wurinsa, ba wanda aka yage. Gobe masu dubawa za su zo su ƙirga, su ga komai ya cika, a kai su cin gasasshen kifi a bakin kogi. Ta rufe gilashin, ta murza makulli, ta ja da baya don ta ga ko ta miƙe.

Ta miƙe sarai. Layin ƙarshe ya zo daidai da bakinsa. Yana murmushi, kusa da murmushin an rubuta *babu*, a ƙasa ga tambarin kwaleji shuɗi, da sa hannun shugaba.

Ta buɗe ta sake? Ta maida ita sama? Ko ta juya... a'a, ina za ta kai layin da ba zai zama kusa da shi ba? Allon guda ne. Garin ma guda ne.

A tsallaken titi masu sayar da zaren ja-da-fari na tarbar watan Maris sun fara kafa tebura. Wata mai baƙin ɗankwali tana ratsowa ta tsakaninsu da kwando a hannu, tana duban hagu da dama kafin ta taka kwalta. Taku kaɗan ne ashe. Titin ba shi da wani faɗi.

"'Yar'uwa, kina nan cikin sanyin nan? Ungo, ke ce ta farko." Ɗan kofin roba, alkama da sukari da kirfa, cokali a tsaye a ciki. Har yanzu da ɗuminta. "Ci, saboda Yasen ɗina."

"Allah ya gafarta masa." Bakinta ne ya faɗa, ya san aikinsa. Ta kai cokali. Zaƙi.

Stanka ta ajiye kwando, ta zaro hankici, ta kai hannu ga gilashin, sai ta tsaya. Ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido.

"Kai... sun rubuta wani abu kusa da shi. Har da tambarin makaranta!" Fuskarta ta washe, Iskra ba ta taɓa ganinta haka ba. "Ai na faɗa wa ubansa, na ce mutanen nan ba za su manta da shi ba, shekara ce suke jira. Ga shi na baro tabarau a coci, tsufa! Karanta mini, 'yar'uwa. Me suka ce a kansa?"

Alkamar tana bakinta. Tana taunawa. Ba a magana da abincin mamaci a baki, sai an haɗiye — to bari ta haɗiye tukuna. Matar tana jira, hankici a hannu. Tana taunawa... ta riga ta zama gari, ba sauran abin taunawa, amma ta ƙi wucewa. Makullin yana cikin tafinta, ya yi ɗumi. Ruwa ya gama cika takalmin hagu.

"Daga sama ki fara," in ji Stanka. "A hankali, don in riƙe."