Layin Gidan Benedict

Benedict haifaffen Azare ne, iyayensa ne suka zo daga kudu da cinikin kayan gini. Shi da Sha'aban tare suka yi sakandare, tare kuma suka buɗe ɗan kamfanin sayar da intanet ga shaguna da makarantu. Sha'aban ke zama gaban suwic, na'urar da ke rarraba layi. Kowane kwastoma yana da lambarsa ta VLAN, wadda ake liƙa wa duk saƙon da ya fito daga wajensa, don kada na wani ya gauraya da na wani ko da waya ɗaya suka bi. Benedict kuwa shi ke hawa ƙarfe ya ɗaura eriya.

Da cikin Ukamaka, matar Benedict, ya tsufa, likita ya hana ta zaman shagonta na kayan masarufi. Zaman gida ya ishe ta. Benedict ya sa kyamara a shagon, ya roƙi abokinsa ya kai mata hoton har falo. Sha'aban ya ba shagon da gidan lamba ɗaya, ya lulluɓe ta da lambar kamfani, hoton ya riƙa ratsa suwic-suwic ɗin gari ba mai ganinsa sai ita. Da azahar Benedict kan zauna a shagon ya ci abinci, ya ɗaga mata cokali ta kyamarar.

Ta haifi namiji, aka sa masa Izuchukwu. Bai fara rarrafe ba iskar damina ta karkatar da eriyarsu da ke garin Chinade. Benedict ya hau gyara, ƙarfen ya karye da shi. Kafin a iso da shi asibiti a Azare rai ya yi halinsa.

Bayan an binne shi a garin iyayensa a kudu, Ukamaka ta dawo amma ba ta buɗe shago ba. Hadiza, matar Sha'aban, ta kai mata abinci, ta dawo tana hawaye. Ta ce ta tarar da ita gaban talabijin da jariri a cinya, tana kallon rufaffen shago, ba abin da ke motsi sai inuwar masu wucewa ta ƙasan ƙofa. Wai haka take wuni.

Wata safiya sai ga Ukamaka a ofis da goyo. Bayan sun gaisa ta ce a yanke layin. Sha'aban ya ce ai ko wayar ta zare daga bango ya wadatar.

"Na sha zarewa, Malam Sha'aban," in ji ta. "Hannuna ke mayarwa. Ka cire shi ta inda ba zan iya dawo da shi ba."

"Maman Izu, in kin bari ya kwana biyu..."

Ta girgiza kai.

Ya jawo kwamfuta. Ya shiga suwic ɗin kasuwa ya goge lambar, ya shiga na unguwarsu ya goge. A babban suwic na ofis ya daɗe yatsunsa na kan madannai. Ranar da suka haɗa layin, a nan Benedict ya tsaya bayansa yana cin gyaɗa, yana masa tsiyar ya cika nawa. Ya danna, ya adana. Ya ce mata an gama. Ta yi godiya, ta gyara goyonta ta fita, ba ta bari ya tsayar mata da mai babur ba.

Bayan Kirsimeti ta sayar da shagon ta koma wajen danginta. Hadiza ce ta raka ta tasha. Sha'aban ya ci gaba da aiki a cikin gari, amma kwastomomin Chinade ya bar wa wani kamfani su, don bai iya sake cewa wani ya hau ƙarfe ba.