Shaidar da Na Bayar a Kan Safiyanu

Ni dai ban taɓa yabon yaro a gabansa ba, balle a gaban baƙo. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Ingilishi a sakandare a Birnin Kudu, kuma duk wanda ya bi ta hannuna zai gaya maka: in Malam Hambali ya duba littafinka ya ce "to", je ka gida ka yi murna. Haka aka yi mana, haka muka yi wa na bayanmu, ba kuma wanda ya mutu.

Safiyanu ɗan Fagam ne, can ƙasar Gwaram. Yana da shekara goma sha uku ubansa ya kawo shi gidana a motar kasuwa, da buhun dawa da zabi biyu. Ya durƙusa a zaure ya ce, "Malam, ga shi nan. Ba ya ji, ga wasa. In ya yi ba daidai ba kada a raga masa." Yaron kuwa shi ne na ɗaya a firamarensu. Uban ya sani, ni ma na sani. Ai haka ake miƙa ɗa. Wanda ya tsaya yana cewa ɗansa haziƙi ne, ya jawo masa bakin mutane, ya kuma nuna ba shi da kunya.

Shekara shida ya yi a ɗakin zaurena. Bayan la'asar mukan zauna a gindin dogonyaro mu saurari labaran Ingilishi a rediyo, yana kwaikwayon mai karantawa har da tarinsa. In an yi hutun damina ya tafi Fagam noma, ya dawo hannu duk kanta, da ƙullin ɗanyar gyaɗa na matata Kubra. Wallahi ina kewar kwanakin nan. Da ya gama jami'a ya dawo makarantarmu yana koyarwa na wucin gadi, teburinsa kusa da nawa. Shekara biyar ana ce masa takardar ɗaukar aiki tana hanya. Har na yi ritaya ba ta iso ba.

Wata rana ya zo ya ce zai tafi ƙasar Kambodiya, can nahiyar Asiya. Wani abokinsa ya ce masa makarantu a can suna neman masu koyar da Ingilishi, ya shiga da bizar yawon buɗe ido ya nema da ƙafarsa.

Na ce, "Yawon buɗe ido? Kai da ka shekara goma sha ɗaya a garin nan ba ka taɓa hawa dutse ka ga zanen mutanen da ba?"

Ya yi dariya, ya ce in sa masa albarka. Na sa, raina ba ya so.

Bizar ta wata ɗaya ce. Mako uku ya yi yana shiga makarantu yana fita. Wasu da sun ga fasfonsa sai su ce wanda aka haifa da Ingilishi suke nema, kamar ana haihuwar mutum da alli a hannu. Daga ƙarshe wata mata mai ƙaramar makaranta ta ba shi aji ya gwada, ta kuma ji daɗin darasin. Sai dai ta ce ba ta san jami'arsa ba, ba ta san kowa nasa ba, tana son ta yi magana da wanda Safiyanu ya yi aiki a ƙarƙashinsa, sai ya ba ta lambata. In ta gamsu za ta ɗauke shi ta nema masa izinin aiki. In ba ta gamsu ba, ranar Juma'a bizarsa za ta ƙare, dole ya hau jirgi ya dawo hannu rabbana.

Ranar Litinin da hantsi ta kira ni ta bidiyo. Na sha babbar riga, na kafa hula, na zauna a tsakar gida na jingina wayar da buta. Mace ce mai fara'a, da tabarau. Na zazzago mata Ingilishin da na daɗe ban taɓa ba.

Ta ce, "Wane irin malami ne Safiyanu?"

Na gyara zama na ce, "Yaro ne, da sauransa. Yana da taurin kai, sai an sa masa ido. Ki yi haƙuri da shi, in ya yi kuskure kada ki raga masa."

Ta rubuta wani abu. Ta ce to a ina ya fi ƙarfi? Na ce ba laifi dai, yana ƙoƙari. Ta yi godiya ta kashe. Ni kuwa na ji na fita kunyar yaron, na miƙa shi yadda ake miƙa ɗan mutunci.

Kubra tana gefe tana tsince shinkafa. Ta ce me na gaya wa matar? Na fassara mata tiryan-tiryan, har da alfahari. Ta ajiye faifan ta dube ni.

"Malam, ita wannan matar 'yar Fagam ce?"

Sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi.

Da azahar saƙon Safiyanu ya shigo: "Malam, ta ce za ta yi tunani. Na gode da ƙoƙari, Allah ya saka." Ko kalma ɗaya ta ƙorafi babu. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ranar tuwo ma kasa ci na yi, haushin kaina ya ishe ni. Mutum ya karanta littattafan Turawa shekara da shekaru, amma ya kasa gane cewa baƙuwa abin da ka faɗa shi take rubutawa.

Na sa Safiyanu ya roƙe ta minti biyar. Washegari da safe ta sake kira, wannan karon ba fara'ar jiya. Ban sa babbar riga ba. Na ce mata a wurinmu ba a yabon na gida, abin da na faɗa jiya gaisuwar miƙa yaro ce, ba shaida ba ce. Ta ce to yanzu tana son shaidar.

Na fara da ajin da kowane malami yake gudu, wanda Safiyanu ya karɓa ya mai da shi aji. Na gaya mata yadda yake hawa keke zuwa ƙauyen Unguwar Ya da damina, ya bi yaran da iyayensu suka riƙe a gona, ya jira su huta, ya yi musu darasi a bakin kunya. Na gaya mata labarin yarinya mai in'ina da ya yi wata uku yana lallaɓawa har ta tsaya gaban taro ta yi karatu. Da na fara sai na kasa tsayawa. Na ce, "A duk shekarun da na yi, ban koyar da kamarsa ba. Ya fi ni iya koyarwa, na kuma daɗe da sanin haka. In kika bar shi ya tafi, ke kika yi asara."

Matar ta yi murmushi, sai ta juya wayar. Ashe Safiyanu yana zaune a gefen teburinta tun farko. Kansa a sunkuye, yana share ido da bayan hannu.

Ya ce, "Malam..."

Na ce, "Kai kuma me kake yi a nan? Tashi ka ba manya wuri."

A ranar ta ɗauke shi.

Yau shekara huɗu ke nan. Duk Juma'a yana kira, wani lokaci ya tara 'yan ajinsa su haɗa baki su ce mini "Sannu Malam", in yi kamar ban ji daɗi ba. Sau ɗaya ya zo gida, mako biyu, rabi a Fagam rabi a wurina. Bara ubansa ya rasu ana tsakiyar zangon karatu, kafin ya sami jirgi an yi sadakar bakwai. Ni na je na zauna a madadinsa, ana yi mini gaisuwa ina amsawa.

A motar dawowa daga Gwaram na yi ta tunani. Da na yi shiru ranar Talatar nan, da Juma'a ya dawo, da yana nan ya ɗauki gawar ubansa, da yanzu yana shigowa gidana ba sai ta waya ba. Gaskiya na faɗa wa matar nan, ko yau aka sake tambayata ita zan maimaita. Amma ina kewar yaron nan ƙwarai, kuma da bakina na bar shi a can.