Hoton Labaran a Bakin Titi

Labaran yana yaro ruwan madatsar Tiga ya cinye garinsu. Ubansa manomi ne, dole ta mai da shi masunci, shi kuwa Labaran ya buɗe ido da taru a hannu. A kan ruwan nan ya yi furfura, da shi ya aurar da 'ya'yansa, kuma bandar kifin matarsa Hindu har Kafin Maiyaƙi an san ta.

Ana nan sai wani kamfanin kiwon kifi ya sauka. Suka zuba manyan keji a cikin ruwa, suka ja waya mai ƙaya ta rufe gaɓar da masunta suke ɗaure kwalekwalensu. Mai son shiga ruwa sai ya zagaya ta wani lungu mai laka, tafiyar da take cinye wa mutum safiya. Kafin ya jefa taru, kifi ya yi ƙasa.

Wata rana Mujitaba, ɗan wani aminin Labaran da ya rasu, wanda kamfanin ya ɗauka jami'in hulɗa da jama'a, ya zo ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, kamfani zai yi wa masunta alheri. Rigunan ruwa ne, masu hana nitsewa. Kai ne babba, kai za ka karɓa."

"Riga ba ruwa, Mujitaba? Mu ƙofa muke so a jikin wayar nan."

"Manaja da kansa zai zo, Baba. In ka tsaya gabansa ai sai ka faɗa masa."

Maƙwabcinsa Surajo, wanda suke haɗa taru, ya ce kada ya je. "Yaya, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski." Labaran ya ce ai ba ci zai kai shi ba, magana ce.

Ranar taro aka kafa rumfuna, aka jera kujeru. Aka zura masa riga ja a kan babbar rigarsa, aka ɗaure igiyoyin tamau har ya yi kama da ƙunshin goro. Manaja ya riƙe hannunsa, mai hoto ya ce a yi murmushi, ya yi. Da aka miƙo masa abin magana ya yi sallama, ya gode kamar yadda tarbiyya ta koya masa, sannan ya ce, "Sai dai ranka ya daɗe, wayar nan da kuka ja..."

Nan mai gabatarwa ya zare abin daga hannunsa. "A tafa wa Baba!" Aka tafa, kiɗa ya tashi. Kafin Labaran ya kwance igiyoyin, motar manaja ta fice.

Ba a jima ba aka kafa wani ƙaton allo a bakin titin Kano, ga Labaran cikin jar riga yana washe baki, an rubuta a ƙasa: Muna Tare da Al'ummarmu. Masunta suka gani. Aka fara cewa an ba shi babur a ɓoye, wasu suka ce kujerar Makka. Surajo ya aiko aka ɗauke rabin tarunsa. A masallaci, in an sallame, kowa sai ya miƙa hannu ta ɗaya ɓangaren.

Labaran ya je ƙofar kamfani ya jira har Mujitaba ya fito.

"Ku sauke min fuskata daga titi."

Mujitaba ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba ba ni da iko. Daga babban ofis aka yo shi."

"Ƙofar fa?"

"Ana dubawa."

Da damina ta faɗi, Labaran ya sayar da kwalekwalensa ga wani mutumin Tudun Wada. Hindu ba ta iya zama haka ba, ta koma sarin kifi a wurin kamfanin, kifi mai kitse, wanda in an yi bandarsa sai ya yi ta ɗiga. Labaran ne yake ɗauka ya kai mata kasuwa. Bai taɓa sa shi a baki ba. In ta zuba a miya, sai ya ture kwanon, ya ci tuwonsa gaya.