Rodin da Yaya Ya Kawo

Aikin Auta shi ne karya ƙarfe. A ɗakin gwaji take wuni, ta maƙala guntun rodi a bakin inji, injin ya yi ta ja har ya tsinke, ita kuma ta rubuta nauyin da ya jure. Rodin kirki ba ya tsinkewa farat ɗaya. Sai ya miƙe, ya rame a tsakiya tukuna.

Ranar Talata da hantsi yayanta ya shigo da buhu a kafaɗa, siminti har a girarsa. Shekara ashirin yana ɗaurin rodi a wuraren gini, kuma da wannan sana'ar ya yi mata karatu.

"Injiniya, a duba mana wannan," ya ce yana zazzage buhun. "Ina lanƙwasa shi sai ya ɓalle kamar busasshen kara. Ko ƙarfina ne ya yi yawa?"

"Da wannan tumbin, Yaya?"

Dariyarta ta tsaya da ta sa na farko a inji. Ko miƙewa bai yi ba, ya ɓalle da ƙara. Na biyu ma haka, har guda shida. Ta duba bakin karayar, garas-garas kamar gishiri.

"Tarkace aka narka aka yi shi. Tauri ne kawai, ba juriya. Ina kuka sa shi?"

"A dakin ɗin hawa na biyu, rufin saman nan. An zuba kankare tun makon jiya. Gobe za a cire katakon da ke tokare da shi."

 Ta rubuta rahoto, ta kai wa ɗan kwangilar ginin da ƙafarta. Ya karɓa da fara'a, ya ɗora kofin shayi a kai, ya ce zai duba.

Da yamma ta bi Yaya gida.

"Don Allah kada ka je gobe."

"Ni na ɗauko mutanen nan aiki, Auta. Bari in je in hana su shiga."

Ya je, amma ya tarar an riga shi. Mutum biyu na ƙarƙashin dakin ɗin suna buge katako. Ya shiga don ya fito da su, sai ginin ya sauko a kansu su uku.

Shi kaɗai aka ciro da rai, ƙafafunsa kuwa likita ya ce ba abin da za a iya yi. Ɗan kwangilar ya kashe waya.

 A kwana na biyar a asibiti, Auta tana ba Yaya ruwa, ya riƙe hannunta.

"Faɗa mini gaskiya. Ɗaurina ne ya kwance?"

"Ɗaurinka yana nan, Yaya. Na je na gani da idona. Ƙarfen ne."

Ya juya fuska bango.

Ranar da aka sallame shi bai yarda a wuce da shi gida ba. Sai da Auta ta tura shi a keken guragu zuwa gidajen mamatan biyu ya yi gaisuwa. A gida na biyu, matar mamacin ba ta fito ba.